Fijo 504 ta daina ƙara amma ta rasa ƙarfi: bawul ne ko kafireto?

Magajin Fijo: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sanin tsohon inji nake nema. Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, Peugeot 504 salun ta 1984, haɗin Kaduna, inji 2.0 mai kafireto. Shekara 6 tana kwance a rumfa kafin na tashe ta bara. Tun da ta tashi take wata ƙara daga saman inji, tak-tak-tak kamar keken ɗinki, in na taka mai ƙarar ta ƙara sauri. Makon jiya na kai ta wurin wani bakanike a nan Zariya. Ina tsayawa ko minti 10 ba a yi ba ya buɗe murfin bawul, inji da zafinsa, ya ɗaɗɗaure da sukudireba da sufana, ya tayar ya saurara, ya kashe ya ƙara ɗaurewa, har ƙarar ta ɓace. Na ji daɗi sosai. To jiya na kama hanyar Kano, ban kai Kwanar Dangora ba mota ta fara ja da baya, salansa na harbi fat-fat in na ɗaga ƙafa, in na tsaya kuma silo, wato juyin inji ba a taka mai ba, ba ya zama. Na kashe ta na sha ruwa, da ƙyar ta sake tashi. Na kira shi ya ce kafireto ne, in kawo a wanke. Zuciyata ba ta kwanta ba, don kafin ya taɓa bawul ba ta taɓa yin haka ba.

Direban Funtuwa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai ina ganin gaskiyar bakaniken ne. Motar da ta yi shekara 6 a kwance, tankinta cike yake da tsatsa, tafiya mai nisa ce ta motso shi ya toshe jet, wato 'yan ramukan da mai ke bi a kafireto. Na yi shekara 14 ina jan 504 wagon tsakanin Funtuwa da Gusau, kuma duk da kunne ake saita mana bawul. A wanke kafireto, a canza fulogi da kwantak, ka ga aiki.

Baban Gareji: Ɗana, kada ka sake hawa babban titi da motar nan sai an buɗe murfin nan an auna. Tambaya ɗaya zan yi maka: da yake ɗaurewa, ka ga ya zura wani siririn ƙarfe mai kamar reza tsakanin roka da kan bawul?

Magajin Fijo: A'a Baba, sukudireba da sufana kawai na gani a hannunsa.

Baban Gareji: To ya kashe maka ƙara, ya buɗe maka hanyar ƙone bawul. Bari in yi maka bayani yadda zai zauna maka. Kamshaf na injin nan a ƙasa yake, cikin bulok. Shi ke tura sanda, sanda ta ɗaga roka, roka ta danna bawul ya buɗe. Da gangan kamfani ya bar 'yar rata tsakanin roka da kan bawul, don ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Na 504 mai fetur, bawul ɗin shan mai 0.10 ne na milimita, na salansa 0.25, kuma inji a sanyaye. Littafin gyara cewa ya yi ya huce na aƙalla awa 6, mu a gareji kwana muke bari ya yi. Bawul ɗin salansa cikin wuta yake rayuwa, zafinsa kan kai digiri 700 ko fiye. Ba ruwa a jikinsa, ba iska. Inda yake sauke mafi yawan zafin nan shi ne ɗan lokacin da ya rufe ya zauna daram a mazauninsa. In ka cinye ratar, ya miƙe da zafi, ba zai zauna ba. Wuta ta riƙa bi ta gefensa kamar ta mai walda, kwamfireshan, wato matsin da ke cikin silinda, ya zube, ƙarfi ya tafi. Harbin da ka ji a salansa, man da bai ƙone a ciki ba ne yake fita ya kama a waje.

Direban Funtuwa: Baba, ba musu nake da kai ba, kai ne gaba. Amma ai mota da zafinta take aiki, ba a sanyi ba. Me ya sa ba za a saita ta a yanayin da take aiki ba? Ni wannan ne ban taɓa ganewa ba.

Malamar Fasaha: Malam Direba, tambayarka mai kyau ce, ɗalibaina ma suna yin ta duk shekara. Akwai injinan da kamfaninsu ya ba da awo na zafi, waɗannan da zafi ake saita su. Na 504 awon sanyi aka bayar. Kan injin aluminiyam ne, bulok ɗin baƙin ƙarfe, sanduna da bawul kuma wani ƙarfen daban. Aluminiyam ya kusa ninka ƙarfe wajen buɗewa da zafi, sannan da ka kashe inji kowanne da saurin da yake hucewa. Bawul ya huce cikin 'yan mintuna, kan inji na nan da zafi. Abin da ka auna a minti 5 daban, na minti 20 daban. Sanyin safiya kuwa duk sun dawo wuri ɗaya, shi ne awon da kowa zai iya maimaitawa ya samu abu ɗaya.

Direban Funtuwa: Na ji wannan, Malama. Amma kunnen gwani fa? Akwai tsofaffin da in sun saita maka da kunne, ka kawo geji, wato siraran ganyen ƙarfen auna rata, sai ka tarar daidai.

Baban Gareji: Akwai su, na zauna da su. Amma lura da abin da suke nema da kunnen. Ba shiru suke nema ba, ƙara iri ɗaya suke nema a duk bawul 8. Injin 504 mai lafiya yana da ɗan kas-kas ɗinsa siriri. In na ji 504 ta yi tsit gaba ɗaya, hankalina tashi yake. Kuma kunne yana jin wanda ya yi sako-sako ne kawai, wanda ya matse ba ya kuka, sai dai ka ga gawarsa. Ni shekarata 41 a kan Fijo, tun ana fitar da su sababbi daga kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna, har yau fila geji na cikin aljihun rigata.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan supap muke ce wa bawul, kan inji kuma kulas. Har yanzu akwai 504 masu ɗaukar kaya a hanyoyin ƙauye, kuma tsarin da muka koya na littafin Faransa ne, ba ka bukatar neman alamar taimin. Ka kwance fulogi duka don injin ya yi sauƙin juyawa. Ka juya har bawul ɗin salansa na silinda 1 ya nutse ƙasa iyakarsa, sai ka saita na shan mai na 3 da na salansa na 4. Ka juya rabin zagaye, na salansa na 3 ya nutse, ka saita shan mai na 4 da salansa na 2. In na 4 ya nutse, shan mai na 2 da salansa na 1. In na 2 ya nutse, shan mai na 1 da salansa na 3. Zagaye biyu na inji ka gama duka. Jerin tashin wuta ne kake bi, 1-3-4-2.

Yaron Oga: Oga Ɗan Maraɗi, daga ina ake fara ƙirga silinda? Mu a garejinmu daga wajen lagireto muke cewa na ɗaya.

Ɗan Maraɗi: A wurin Peugeot na 1 shi ne na baya, wajen giyabos. Na 4 ne ke kusa da lagireto.

Yaron Oga: To ke nan duk wanda muka saita a baya mun yi kuskure?

Malamar Fasaha: A'a ƙanena, kwantar da hankalinka. Ɗauki biro ka juya lambobin, 1 ya zama 4, 2 ya zama 3, za ka ga jerin nan bai canza ba. Ta kowane ɓangare ka fara, muddin ba ka sauya a tsakiyar aiki ba, bawul ɗin da ya dace za ka taɓa. Inda yake da muhimmanci shi ne in za ka gaya wa wani silindar da ke da ciwo. Kai kana nufin ta gaba, shi ya buɗe ta baya.

Magajin Fijo: Na gode ƙwarai. Na aika Kano an sayo mini geji a Ƙofar Ruwa. Amma ganyayen suna da lamba biyu-biyu, ɗaya an rubuta .010 a sama, 0.25 a ƙasa. Akwai kuma mai .004 da 0.10. Wanne zan bi?

Baban Gareji: Madalla da ka tambaya, nan ne yara da yawa ke faɗawa rami. Lambar sama inci ce, ta ƙasa milimita. Ganyen da aka rubuta .010 shi ne 0.25 na milimita, na salansa ke nan. Mai .004 shi ne 0.10, na shan mai. Wani ya ga .010 sai ya ɗauka 0.10 ne. Ka bi milimita kawai, ka manta da ɗayar. Ka ware ganye biyun nan, ka goge su da tsumma. Kuma kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka auna duka 8 yadda suke ka rubuta a takarda. Wannan takardar ita za ta gaya mana abin da ya faru. In ka zo saitawa, sassauta noti, juya sukurun har ganye ya riƙa shiga da 'yar turjiya, kamar kana zare takarda daga tsakiyar littafi mai kauri. Riƙe sukudireba kam ka ɗaure noti, sannan ka sake aunawa, don ɗaurin noti kan ja sukurun. A na salansa, 0.25 ya shiga, 0.30 ya ƙi.

Mai Bitil: Ku ba ni wuri in sa baki, ko da yake tawa Volkswagen Beetle ce ta 1970. Mu da ba mu da ruwa a inji, iska ce ke sanyaya shi, saitin bawul kamar sallar farilla yake, duk kilomita 5000, 0.15 duka, a sanyi. Kuma kullum na salansa na silinda 3 ne ke fara matsewa, don a tsofaffin nan abin sanyaya baƙin mai yana tare masa iska. Abin da na koya shi ne in ajiye littafi a mota ina rubuta awon kowane bawul da kwanan wata. Wanda ya riƙa matsewa sau biyu sau uku a jere, yana gaya maka ya kusa tafiya ne. Magaji, ka fara naka littafin daga gobe.

Magajin Fijo: Jama'a barkanmu da safiya. Bayan asuba na buɗe, motar ta kwana ba a taɓa ta ba. Daga wajen giyabos na ƙirga. Na salansa: na 1 ya karɓi 0.10, na 2 ya karɓi 0.05, na 4 ya karɓi 0.10. Na 3 ko ganye mafi siriri bai shiga ba, na kama sandar da yatsa in murza ta ƙi juyawa. Na shan mai uku suna wajen 0.05, ɗaya babu rata sam. Na saita duka yadda Baba da Ɗan Maraɗi suka ce. Bugu ɗaya ta tashi, silo ya zauna, ban taɓa kafireto ba. Na je Giwa na dawo, harbin salansa ya tafi. Sai dai abu biyu: tsohuwar ƙarar nan mai ƙarfi ta dawo a wuri ɗaya, na shan mai na 2, alhali geji ya ce daidai yake. Sannan a silo ina jin ɗan tsalle kaɗan lokaci-lokaci.

Direban Funtuwa: To na sallama a kan kafireto. Amma ka ga ƙarar da ta kai shi wurin bakanike tun farko ta dawo. Geji bai magance ta ba.

Baban Gareji: Bai magance ba, kuma ina zargin dalili. Ɗana, haska fitilar waya a ƙarƙashin bakin rokar nan, inda take taɓa kan bawul. Shekara 40 tana dukan wuri ɗaya, sai ta yi ɗan rami daidai faɗin kan bawul. Ganyen geji ya fi ramin faɗi, sai ya yi gada a kansa. Geji ya ce 0.10, amma kan bawul yana shiga cikin ramin, ainihin ratar ta kai 0.20 ko fiye. Shafa da farce ka ji.

Magajin Fijo: Wallahi Baba akwai shi. Farcena yana maƙalewa a gefen, wurin ya yi sheƙi kamar an goge cokali.

Yaron Oga: Mu a irin wannan ƙara ɗaurewa muke kaɗan har ta yi shiru.

Baban Gareji: Ita ce hanyar da ta kawo mu nan, yarona. Kana ɗaurewa ba ka san nawa ka ci ba. Gyaran gaskiya a ciro rokar. In ramin bai yi zurfi ba a goge shi da dutsen wasa wuƙa mai laushi da ɗan mai, a bi lanƙwasar bakin, kada a mayar da shi shafaffe. In ya yi zurfi, taurin saman ƙarfen ya riga ya cinye, ko ka goge wata 3 zai dawo, gara a nemo wata a kasuwar Panteka ta Kaduna. Tunda za ka kwance, mirgina sandunan a kan gilashi ka ga ko akwai wadda ta tanƙware, ka kuma tabbata baƙin mai yana isowa sama. Motar da ta daɗe a kwance, ƙananan ramukan mai na rokoki kan toshe da dauɗa. Kowace sanda ta koma ramin da ta fito. Amma ni ba ƙarar ce ke damuna ba. Ƙara ba ta kashe inji da wuri. Na 3 ɗin nan da ya yi tafiyar Kano a buɗe, da tsallen da kake ji, su ne a raina. Yi kilomita 500 ka sake auna shi.

Malamar Fasaha: Ina goyon bayan Baba. In ƙara da cewa a samu abin auna kwamfireshan. In silinda ɗaya ta yi ƙasa, a zuba baƙin mai cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake bugawa. In awon ya tashi, ringin fistin ne. In bai motsa ba, ta bawul yake zuba.

Direban Funtuwa: Tunda ana maganar, ni ina da niyyar mayar da tsohuwar fikof ɗina kan gas, tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ya fi ƙarfinmu. An ce gas yana cin bawul. Gaskiya ne?

Malamar Fasaha: Akwai gaskiya a ciki, Malam. Lokacin da aka ƙera injinan nan fetur yana da dalma, ita kan bar wani ɗan shafi a mazaunin bawul da ke rage cin ƙarfe. Tun farkon 2006 ƙasashenmu na kudu da Sahara suka bar fetur mai dalma. Sauƙin 504 shi ne kanta aluminiyam ne, don haka mazaunin bawul zoben ƙarfe ne daban da aka dasa, ya fi na kan baƙin ƙarfe juriya. Gas kuwa busasshe ne, ba ya jiƙa bawul ko sanyaya shi kamar fetur. Mazauni yana cinyewa a hankali, bawul ya riƙa nutsewa cikin kan inji, jelarsa ta taso sama ta cinye rata. Ba za ka ji ƙara ba, shiru ma injin zai ƙara yi. In ka mayar, ka riƙa auna na salansa a kai a kai, musamman watannin farko, kuma kada a shaƙe masa gas don tsimi, ƙarancinsa zafi yake ƙarawa.

Magajin Fijo: Salam. Na dawo bayan sati 3. Na canza rokar nan da wata mai lafiya, ƙarar ta tafi, saura kas-kas siriri iri ɗaya. Na yi kilomita 600 na auna da safe. Bakwai suna nan inda na bar su. Na salansa na 3 ya sauko daga 0.25 zuwa 0.15. Mun auna kwamfireshan: 1, 2 da 4 suna wajen 10, na 3 ya tsaya a 6.5. Mun zuba mai, bai motsa ba.

Mai Bitil: Ka ga amfanin rubutawa. Ba don takardar nan ba da sai ka mayar da shi 0.25 ka ci gaba, ya ƙare maka a daji.

Baban Gareji: To dole a sauke kan inji, kuma yanzu ne da sauƙi, bawul ɗaya da gasket. In ka bari kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin, inji guda za ka nema. Ka saurare ni da kyau a nan, ka kuma tsaya a kan wanda zai yi aikin. Silif ɗin 504, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a manne yake da bulok ba. Zaune yake cikin ruwa, da abin toshewa a gindinsa, kan inji ne ke danne shi. In an kwance kusoshi kada a fizge kan sama, a gurgusa shi gefe tukuna ya rabu da gasket, don kada ya ɗago silif. Da an sauke, a danne silif ɗin da manyan washa da kusoshi. Kada kowa ya juya inji kafin a danne su. In silif ya motsa, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, aikin yini ɗaya ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Haka yake. Kuma a duba ramin da jelar bawul ke bi. In yana girgiɗi, sabon bawul ma ba zai zauna daidai ba, wata 6 ka dawo. A kai kulas wurin masu na'ura su duba ko ya tanƙware, su gyara mazaunin. Bayan girandin, wato goga bawul a mazauninsa har ya zauna daram, ka kifa shi ka zuba kananzir a ramukan, in ya kwana bai zubo ba ya zauna.

Yaron Oga: Baba, bayan an mayar da kai sai a saita sau ɗaya shi ke nan?

Baban Gareji: A'a. Sabon gasket yana kwanciya. A ɗaure kusoshi da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa waje. Bayan kilomita kamar 1000 a bar inji ya kwana, a sake ɗaurin kai, sannan a sake saita bawul, don duk abin da kai ya sauka rata yake ci. A canza robar murfi da na bututun fulogi ma, in ba haka ba mai ya cika ramin fulogi ka ce wata cutar ce.

Magajin Fijo: Alhamdulillahi, jiya muka sauke, ina tsaye har aka danne silif. Bawul ɗin salansa na 3 ga shi a hannuna: gefe ɗaya ya yi fari fat kamar toka, da 'yar tsaga a baki wadda ƙwayar gero za ta iya wucewa, mazauninsa ya yi baƙin layi daidai wurin. Sauran ukun girandin kawai suka bukata. Masu na'ura sun ce kan bai tanƙware ba, sun gyara mazaunin, kananzir ya kwana bai ɗiga ba. Yau da yamma za mu mayar. Na sayi ƙaramin littafi na sa a aljihun mota tare da geji, shafin farko na rubuta awon ranar da na fara buɗewa. Baba, in na cika kilomita 1000 zan shigo Kaduna da yamma in bar ta ta kwana a wurinka, in ka amince, ka duba ɗaurin da hannunka.

Baban Gareji: Allah ya kawo ka lafiya, ɗana. Kafin nan kada ka wuce 80, ka riƙa duba ruwa da kalar baƙin mai kowace safiya. Ka taho da gejinka, kai za ka saita ina kallo.